Yadda Ake Rage Nauyin Sitiyari a Tsohuwar Mota: Misalin Peugeot 504 da Tsararrakinta

Duk wanda ya saba da motocin wannan zamani, ranar da ya fara riƙe sitiyarin Peugeot 504 ko na tsohuwar Land Rover da niyyar fitar da ita daga wani lungu, a kafaɗunsa zai fara jin bambancin. Da yawa daga nan suke yanke hukunci cewa haka tsofaffin motoci suke, sai dai a yi haƙuri da su ko kuma a nemo musu sitiyarin fawa, wato mai na'urar da ke taimaka wa hannun direba wajen murzawa. Akwai gaskiya a wannan magana, amma ba ta cika ba. Motar da ba ta da fawa dole ta yi nauyi idan tana tsaye cik, domin ƙarfin hannun direba ne kaɗai yake murza tayoyin da ke ɗauke da inji a kan ƙasa. Sai dai waɗanda suka ƙera ta sun san da haka, shi ya sa suka ba ta faffaɗan sitiyari da siraran tayoyi, suka kuma tsara giyar sitiyarin yadda sai an yi juyi da yawa kafin taya ta tashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da zarar irin wannan mota ta fara mirginawa, ko da tafiyar ƙafa ce, ya kamata sitiyarinta ya saki. Idan bai saki ba, to akwai abin da ya lalace ko abin da aka canja, kuma shi ya kamata a fara nema kafin a kashe kuɗi a kan wata na'ura.

Zan fi jingina bayanin da 504, saboda ita ce tsohuwar motar da aka fi sani a wajenmu. A Faransa ta fito a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) kuma ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, shekaru masu yawa bayan an daina yin ta a ƙasarta. Sitiyarinta irin mai rak ne, wato doguwar sanda mai haƙora wadda ƙaramar giya ke turawa hagu da dama, kamar yadda yake a yayarta 404. Volkswagen Beetle da Land Rover ta da, da Marsandi samfurin W123, su kuwa akwatin sitiyari gare su, kuma zan taɓo su a inda hanyar gyaransu ta bambanta.

Aikin farko shi ne a gano a ina nauyin yake zaune, kuma wannan ba ya bukatar komai sai jak da haƙuri. A sami wuri mai ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tauri, a ja birkin hannu, a sa weji a tayoyin baya, a ɗaga gaban motar har tayoyin biyu su bar ƙasa, sannan a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na ajiye mota. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, domin yana fashewa ba tare da ya ba da sanarwa ba. Bayan haka a murza sitiyarin a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. A lafiyayyar mota yatsa biyu sun isa wannan aiki, kuma tafiyar za ta zama iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, babu inda zai cije, babu inda zai yi gurzo. Wanda yake son ya san ko gyaransa yana amfani, sai ya maƙala ƙaramin sikelin rataye a bakin sitiyarin ya ja, ya rubuta lambar da ya gani lokacin da sitiyarin ya fara motsi. Hannu yana saurin mantuwa, amma lambar da aka rubuta tana nan, kuma bayan kowane gyara ana iya sake jan sikelin a kwatanta.

Idan sitiyarin ya yi sauƙi da motar tana sama, ya kuma koma nauyi da aka sauke ta, laifin yana wajen taya ko saitin ƙafafu ko sassan da sai sun ɗauki kaya suke cijewa. Idan kuwa yana da tauri ko da tayoyin na lilo a iska, sai a raba gardama: a kwance tayarod, wato sandunan da ke miƙa juyin sitiyari ga ƙafafu, daga ƙafar hagu da ta dama, a kama kowace taya da hannu a juya ta ita kaɗai, sannan a koma a murza sitiyarin shi kaɗai. A nan ne mai laifi yake bayyana kansa. Wata dabara mai amfani ita ce a sauke tayoyin gaba a kan faranti biyu na ƙarfe da aka shafa giris a tsakaninsu, ko a kan leda mai kauri da aka ninka. Ta haka motar tana zaune da nauyinta, amma taya ba ta kama ƙasa ba, don haka duk taurin da ya rage daga ƙarafan ƙafar yake fitowa.

Na fi son a fara da taya, domin a nan ne aka fi barin jaki ana dukan taiki. Taya mai ƙarancin iska tana baje a ƙasa, faɗin da take taka ya ƙaru, sai murza ta ya zama aiki. A auna iskar da safe kafin a yi tafiya, da ma'aunin da aka amince da shi, a kuma bi adadin da littafin motar ya faɗa. Mafi yawan masu faci adadi ɗaya suke bugawa kowace taya ba tare da tambayar motar ba, alhali motoci sun bambanta ƙwarai. Beetle, wadda injinta ke baya, iskar tayoyinta na gaba ba ta kai fam 20 ba, ta baya kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Ƙara fam biyu ko uku a gaba a kan abin da littafi ya faɗa yana rage nauyi, amma cika taya har ta yi tauri kamar dutse yana rage kamun ƙasa, yana tsawaita tazarar birki, yana kuma cinye tsakiyar tayar.

Girman taya shi ne na biyu, kuma shi ne ya fi ɓata tsofaffin motoci a yau. 504 salun da taya mai faɗin milimita 175 a kan wili mai inci 14 ta fito, 404 kuma da 165 a kan inci 15, Beetle da abin da ya yi daidai da 155 a kan inci 15. Saboda waɗannan siraran tayoyi sun yi wuyar samu, ko saboda faffaɗar taya ta fi kyau a ido, sai a ga an ɗora wa motar 195 ko 205. Kowane ƙarin faɗi ƙarin roba ne da direba zai murza da ƙarfinsa. Abin da ya fi faɗin tayar illa ma shi ne wilin da aka ɗauko daga wata mota. An tsara ƙafar gaba yadda layin da taya ke juyawa a kansa zai sauka kusa da tsakiyar inda take taka ƙasa. Idan aka sa wilin da ya turo tayar waje, ko aka sa farantin ƙarfe tsakanin wili da ƙafa don motar ta yi faɗi, tayar ta daina juyawa a kan tsakiyarta, sai ta riƙa zagaye tana jan ƙasa. Sitiyari zai yi nauyi, kowane rami zai fizge shi daga hannu, boris ɗin ƙafa kuma zai mutu da wuri. Komawa ga ainihin wilin motar da ainihin girman tayarta sau da yawa shi kaɗai yana mayar da sitiyari yadda aka san shi, kuma a ganina ya cancanci wahalar nema a kasuwanni irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. A duba shekarun tayar ma: lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tayar da ta daɗe tana bushewa ta yi tauri ko da zanenta bai cinye ba.

Akwai wani canji da ya shafi motocin da suka girmi 504. Da yawa daga motocin shekarun 1950 da farkon 1960 an tsara su ne don tsohuwar taya mai saƙar zare a gicciye, wadda ba ta manne wa ƙasa sosai. Tayar radiyal da ta maye gurbinta ta fi kama hanya kuma ta fi daɗewa, amma ta fi nauyin murzawa idan mota tana tsaye. Ba na ba da shawarar a koma tsohuwar, domin amfanin radiyal ya rinjayi wannan, sai dai a zaɓi mafi sirantar da ta dace da motar.

Daga taya sai giris. Galibin motocin yanzu ba su da wuraren shan giris, shi ya sa matasan makanikai da yawa ba su saba neman su ba, amma tsohuwar mota a kansu take rayuwa. Ƙananan kawuna ne na ƙarfe da ke jikin gaɓoɓin ƙafa, kuma galibi laka da ƙura sun binne su har an manta da su. A goge kowanne tas, a buga giris da bindigar giris har sai tsohon baƙin ya fito sabo ya biyo shi. Idan kan ya toshe, a cire shi a sa sabo, domin ba shi da tsada. A motocin da ke da kimfin, wato sandar ƙarfen da ƙafar gaba ke juyawa a kanta, kamar Beetle ta kafin 1966 da tsofaffin a-kori-kura da yawa, a buga giris ɗin motar tana ɗage, ana murza sitiyari hagu da dama, saboda idan nauyi na kanta giris ba ya samun hanyar shiga inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Kimfin ɗin da ya yi shekaru bai sha giris ba yana iya ƙin karɓa gaba ɗaya, a nan babu makawa sai an kwance an wanke tsatsar, ko a canja shi da bushin ɗinsa da faifan ƙarfen da ke ɗaukar nauyi a ƙarƙashi.

A 504 wurare biyu ne suka fi kamawa. Ƙafarta ta gaba irin wadda shokazoba da sifirin suke haɗe wuri ɗaya ce, kuma dukan ƙafar ce ke juyawa idan aka murza sitiyari. A samanta akwai boris da ke ɗauke da nauyin gaban motar, a ƙasanta kuma akwai bol-joyin, wato gaɓa mai ƙwallon ƙarfe da ƙafar ke juyawa a kanta. Idan boris ɗin sama ya bushe, sitiyari zai riƙa tafiya da tsalle-tsalle, a ji sifirin yana ƙara kamar an saki igiyar ƙarfe, kuma bayan an sha kwana sitiyarin ba zai komo tsakiya da kansa ba. Wannan rashin komowa alama ce da bai kamata a raina ta ba. Canja boris ɗin yana bukatar a matse sifirin da abin matse shi na gaskiya, domin sifirin da ya kuɓuce yana iya karya hannu ko ya yi abin da ya fi haka. Bol-joyin kuwa mutane sun fi lura da shi idan ya yi sako-sako yana ƙara, ba su cika tunanin yana iya ƙagewa ba, alhali da zarar robarsa ta tsage, ruwan damina da ƙurar hunturu suka shiga, tsatsa ce ke biyo baya. Bol-joyin da ya ƙage yana da haɗari fiye da nauyin da yake jawowa, saboda irinsa ne ke karyewa a tsakiyar tafiya ƙafar mota ta kwanta.

Rak ɗin kansa yana da robobi masu lanƙwasa a gefensa biyu. A duba su da fitila, kuma a matsa su da hannu, domin tsagar takan ɓuya a cikin ninki. Idan yashi ya shiga, ya gauraya da giris, ya zama abin da ke cin haƙoran a hankali. Gyaran shi ne a sauke rak ɗin, a wanke shi, a duba ko ya lanƙwashe sakamakon faɗawa rami ko dukan gefen titi, a sa sabon giris da sababbin robobi. A bayan rak akwai wani ɗan toshi mai sifirin da ke danna shi a jikin ƙaramar giyar. Wasu makanikai, idan mai mota ya yi ƙorafin ƙara, sai su ƙara masa matsi har ƙarar ta ɓace, amma sitiyarin ya sandare. Na taɓa fama da wata 504 da ta dawo daga gareji a haka, na yi makonni ina zargin tayoyi, sai da aka sassauta wannan toshi zuwa inda ya kamata sannan motar ta dawo hayyacinta. A duba kuma sandar sitiyari tun daga sama har ƙasa: bushin da take bi ta ciki yana iya bushewa, faifan robar da ke haɗa ta da rak yana iya kumbura ko tsagewa, kuma a motocin da ke da ƙaramar gaɓa mai gicciye a wurin, tsatsa tana sa sitiyari ya riƙa tauri da saki a wurare huɗu cikin kowane juyi.

Motocin da ke da akwatin sitiyari suna da nasu tarkon. A saman akwatin akwai sukurun saiti da noti mai kulle shi, kuma hannun mutane ba ya haƙuri da shi. An ƙera akwatin yadda zai fi matsewa a tsakiya, inda mota ke tafiya miƙe, ya ɗan saki a gefe. Wanda ya yi saiti tayoyi na karkace, zai matse abin da aka bari da gangan, sai sitiyarin ya cije a tsakiya. A wani ɓangaren kuma, akwatin da ya tsufa tsakiyarsa ce ke cinyewa, don haka wanda ya dage sai ya kawar da dukan wasan da ke tsakiya zai sa ya cije a gefe. Hanyar da ta dace ita ce a ɗaga motar, a miƙar da tayoyi, a riƙa juya sukurun kaɗan-kaɗan, bai wuce kwatan juyi ba, ana gwada sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe bayan kowane taɓi. Wasan da bai wuce santimita biyu da rabi ba a bakin sitiyari abin karɓa ne a irin waɗannan motoci. Akwatin da ba ya saituwa sai da cijewa ya gama aiki, sai gyara na ciki ko canji. Dangane da abin da ake zuba masa, a bi littafi: wasu man giya mai lamba 90 suke sha, wasu giris mai ruwa-ruwa. Cika akwatin mai da giris mai kauri don ya daina yoyo kuskure ne, domin haƙoran suna ture giris ɗin gefe su ci gaba da aiki a bushe. Maganin yoyo shi ne sabon sil, wato robar da ke tare mai.

Land Rover ta da tana da wani sashe da ake yawan mantawa da shi, wato sandar miƙa juyi da ke tsaye a cikin ƙarfen gaban shasi, wadda ke karɓar motsi daga akwatin sitiyari ta miƙa shi ga ƙafafu. Mai take sha, kuma saboda zuba mata man yana da cin rai, akan bar ta shekaru har ta bushe. Haka ma ƙwallayen ƙafafun gaba, waɗanda matsinsu da siraran faya-fayan ƙarfe ake daidaita shi, ana auna shi da sikelin rataye bisa adadin da littafi ya faɗa. A Marsandi kuma a duba bushin hannun da ke ɗaya gefen motar, daura da akwatin. Beetle da Marsandi da Land Rover da yawa suna da ƙaramin shokazoba a kwance da ke hana sitiyari girgiza, wanda idan ya lanƙwashe ko ya ƙage yakan riƙe komai. A kwance gefensa ɗaya a gwada, nan take za a sani.

Sai bayan an tabbatar duk waɗannan suna motsi yadda ya kamata ne za a je saitin ƙafafu, wanda ake kira alaimen. Yin sa a kan bushin da ya mutu asarar kuɗi ce. Kusurwar da ta fi shafar nauyi ita ce kasta, wato kishingiɗar da layin juyawar ƙafa yake yi zuwa baya, irin wadda ake gani a cokalin keke. Ita ce ke sa mota ta tafi miƙe, sitiyari kuma ya komo tsakiya da kansa, amma yawanta yana ƙara nauyi. A 504 abin da ake saitawa kai tsaye shi ne buɗewa ko haɗewar tayoyin gaba ta hanyar tayarod. Idan na'ura ta nuna kasta ko kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje, sun kauce, ko na hagu ya bambanta da na dama, ma'anarsa wani ƙarfe ya lanƙwashe ko bushin ya zauna, kuma shi za a nema. A motoci masu sifirin ganye a gaba, sifirin da ya gaji ko marataya da aka ƙara wa tsawo don mota ta yi sama suna canja kasta ba tare da mai motar ya sani ba. Wasu suna rage kasta da gangan don sitiyari ya yi sauƙi. Ban yarda da wannan ba sai dai a cikin iyakar da littafi ya bayar, saboda motar da ta rasa kasta tana yawo a kan hanya idan ta ɗauki gudu, direba ya kwana gyara ta.

Abubuwa biyu sun rage kafin maganar fawa. Na farko faɗin sitiyarin kansa. Wanda ya cire na asali mai santimita 40 ya sa ƙarami mai 33 saboda ya fi kama da na motar tsere, ya ƙara wa kansa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da zai riƙa sawa, ba tare da ya taɓa komai a ƙasa ba. Na biyu nauyin da ke kan gaban motar: injin dizal ya fi na fetur nauyi, kuma ƙaton ƙarfen kariya da batir na biyu da injin da aka dasa daga wata mota duk a kan tayoyin gaba suke sauka. Akwai kuma hannun direba. Tsofaffin direbobi ba sa murza sitiyari mota na tsaye. Sukan bar ta ta fara mirginawa sannan su juya, kuma kafin su tsaya don komawa da baya sun riga sun fara mayar da sitiyarin ɗaya gefen. Wannan ɗabi'a tana hutar da kafaɗa, tana kuma tsawaita ran tayarod da rak.

Idan an yi duk wannan, motar ta koma yadda aka ƙera ta, amma har yanzu ta yi wa mai ita nauyi saboda shekaru ko ciwon kafaɗa ko cunkoson gari, to neman taimakon na'ura abu ne mai ma'ana kuma babu abin kunya a cikinsa. Fawa mai aiki da mai ita ce tsohuwar hanya, wadda Chrysler ya fara sayarwa a motar fasinja a 1951. Tana bukatar famfo da inji ke ja da bel, da tankin mai, da tiyo mai jure matsi, da rak ko akwatin da aka yi don haka. Ta fi sauƙi a motar da kamfani ya taɓa fitar da wani samfurinta da fawa, kamar W123 da wasu 504 na baya-baya, domin ana iya ɗauko kayan gaba ɗaya daga motar da ta mutu, har da marataya da fuli. A ɗauko komai daga mota ɗaya, a kuma gwada tsawon rak da wurin ɗaure shi da na asali, saboda rak ɗin da tsawonsa ko tsayinsa ya bambanta yana sa tayoyi su riƙa juya kansu duk lokacin da mota ta hau tudu ko ta faɗa kwari. Inda babu wurin rataya famfo a jikin inji, wasu suna amfani da famfon mai da lantarki ke juyawa, irin na Opel Astra ko Toyota MR2.

Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ita ce fawa ta lantarki, wadda Suzuki ya fara sawa a ƙaramar motarsa Cervo a 1988. Ana saka ta a jikin sandar sitiyari a ƙarƙashin dashbod: wani ma'auni yana jin ƙarfin da direba ya sa, ƙaramar kwamfuta ta umarci injin lantarki ya ƙara nasa a kai. Ba ta taɓa rak ko akwati, ba ta yoyo, ba a ganin ta daga waje, kuma idan wuta ta ɗauke sitiyarin yana ci gaba da aiki da ƙarfin hannu, domin sandar ba ta rabu ba. Akwai kamfanoni a Turai da Amurka da ke sayar da ita a shirye don sanannun tsofaffin motoci, akwai kuma masu ɗauko ta daga Opel Corsa ko Toyota Yaris da Prius na gwanjo. Waɗannan na gwanjo an yi su ne don su riƙa karɓar labarin gudun mota daga kwamfutarta, don haka akan haɗa musu ƙaramin akwatin da ke maye gurbin wannan labari, mai maɓallin murɗawa da ke ƙara taimako ko rage shi, ko mai auna gudu da kansa. Wannan na biyun ya fi, saboda taimakon da ya yi daidai wajen ajiye mota yana yin yawa a kan babbar hanya, inda direba ke bukatar jin abin da tayoyinsa suke takawa.

Wurare uku ne aikin lantarkin ke ɓaci. Na farko marataya: duk ƙarfin da injin ya sa wa sanda, irinsa yake mayarwa ga abin da ke riƙe da shi, kuma siririn kwanon dashbod ba zai jure ba, sai an yi marataya mai kauri da ta kama jikin mota a wurare da dama. Sai haɗin sanda, wanda ya kamata a yi shi da gaɓoɓi masu haƙora da noti mai kulle. Sandar da aka yanke aka yi wa walda baki da baki a gefen titi ba abin da za a ɗora rai a kansa ba ne, kuma idan sandar asali mai nitsewa ce lokacin haɗari, kada a kashe mata wannan siffa. Na uku wuta: na'urar tana iya jan amfiya 40 ko fiye lokacin da ake murza taya a tsaye, don haka tana bukatar waya mai kauri kai tsaye daga batir, da fiyus kusa da batirin, da altaneta mai lafiya. Motar da har yanzu take da tsohon dainamo, ko Beetle mai batir na bolt 6, ko Land Rover ta kafin 1967 wadda ke haɗa jikin mota da kan batir mai alamar ƙari, duk sai an gyara tsarin wutarsu tukuna.

Dalilin da ya sa na dage a gyara ƙasa kafin a sa fawa shi ne, na'urar ba ta cire tauri, danne shi take yi. Bol-joyin da ya ƙage, wanda da hannu direba zai ji shi ya tsaya ya bincika, injin lantarki zai ci gaba da murɗa shi shiru har ya karye, kuma akwatin sitiyari da tayarod da aka yi don ƙarfin hannun mutum za su riƙa ɗaukar abin da ya fi haka idan aka saba murza taya mota na tsaye. Saboda haka a saita taimakon a mafi ƙarancin da mai motar zai iya rayuwa da shi. Bayan an gama, a fara gwaji a fili marar mutane: a murza daga ƙarshe zuwa ƙarshe ana sauraro, a tabbatar sigina da hon da makullin sitiyari suna aiki, a kashe na'urar da gangan ana tafiya a hankali don a san yadda motar take idan ta ɗauke, sannan a fita hanya a ga ko sitiyari yana komowa tsakiya bayan kwana. A sake bin dukan notocin bayan tafiyar kwanaki kaɗan. Sandar asali da duk abin da aka cire kuma a shafa musu mai a adana su, domin mai sayen tsohuwar mota yakan tambaye su, kuma samun irinsu yana ƙara wuya kowace shekara.